Daga Orlando zuwa Madawa: Me ke maye gurbin gidan gem idan zamaninsa ya wuce?

A ranar 2 ga Yulin 2017 ne kamfanin Disney ya rufe DisneyQuest, wani katafaren gidan wasannin kwamfuta mai hawa biyar da ke cikin dandalin shaƙatawa na Walt Disney World, kusa da birnin Orlando a jihar Fulorida ta Amurka. Gidan ya yi shekara 19 yana aiki.

Bayan rufewar an rushe ginin, aka kwashe shekara biyu ana gina wani a gurbinsa. Sabon da aka buɗe bai wuce wata bakwai yana karɓar baƙi ba, shi ma ya bi sahu.

Mai karatu a Yamai ko Abijan ko Legas zai iya cewa ina ruwan wani da asarar Disney, kamfanin da ke juya biliyoyin daloli. Sai dai tambayar da ta gagari Disney har sau biyu ita ce take jiran duk matashin da ya tara kuɗin biɗa ya turo gida Madawa, ko Buza, ko Keita, domin a kama ɗaki a jera talabijin da na'urorin PlayStation. Idan abin da ke cikin ɗakin ya tsufa, ko kuma ya koma aljihun yara, me za a sa a madadinsa?

Bene biyar babu taga

An buɗe DisneyQuest a ranar 19 ga Yunin 1998, a ɓangaren kasuwanci na dandalin da a lokacin ake kira Downtown Disney, wanda aka sauya wa suna zuwa Disney Springs a 2015. Ginin wani ƙaton akwati ne mai launin shuɗi-shuɗi, babu taga, faɗin benayensa a haɗe ya haura murabba'in mita 9,000.

Manufar ita ce a ɗauko filin shaƙatawa sukutum, da liluka da jiragensa, a cusa shi cikin gini ɗaya, kwamfuta ta yi aikin da ƙarafa da injuna ke yi a waje. Tun daga na'urar hawa bene ake fara wasan, domin aljanin nan na fim ɗin Aladdin ne yake tarbar baƙi a cikinta.

A wani sashe mai suna CyberSpace Mountain, mutum ne zai zauna gaban allo ya zana hanyar jirgin lilo da kansa, ya sa mata kwana da gangara yadda ya ga dama, sannan a rufe shi cikin wani ɗan akwati da ke juyawa da shi daidai da abin da ya zana. Wanda ya cika son burgewa wajen zane, cikinsa ne ke biyan bashin.

A wani sashen ana hawa kwale-kwalen roba ne a riƙe filafili na gaske, ana tuƙi a gaban majigi, kwale-kwalen na tangal-tangal kamar a kan ruwa. Akwai inda ake sa wa mutum wata hula mai tabarau a ka, ya tsinci kansa yana shawagi kan dardumar Aladdin. Daga baya aka ƙara jirgin 'yan fashin teku, inda mutum ɗaya ke riƙe sitiyari, sauran na harba igwa. Sama kuma an jera tsofaffin injunan wasa irin su Pac-Man da Donkey Kong domin iyaye su tuna da ƙuruciya.

A 1998 babu gidan da ake samun irin waɗannan abubuwa a falo. Wannan shi ne jarin DisneyQuest gaba ɗaya.

Kamfanin ya yi niyyar baza irin gidan a manyan birane da dama. An buɗe na biyu a Chicago a watan Yunin 1999, amma aka rufe shi a Satumban 2001 saboda ƙarancin masu zuwa. A Philadelphia har an haƙa ramin harsashi a tsakiyar gari kafin a fasa aikin, mutanen birnin suka riƙa kiran wurin da ramin Disney, daga ƙarshe ya zama wurin ajiye motoci.

Na Orlando ya tsira ne saboda inda yake. Miliyoyin 'yan yawon buɗe ido na wucewa ta ƙofarsa kowace shekara, kuma idan ruwan saman Fulorida ya kece ko zafi ya yi yawa, iyalai na neman inuwar da za su fake da yara. Na Chicago kuwa da 'yan gari ya dogara, kuma ɗan gari idan ya je sau ɗaya ya ga komai, sai an ba shi dalili kafin ya koma.

Yadda falo ya cinye shi

Shekara biyu kacal bayan buɗe DisneyQuest, kamfanin Sony ya fitar da PlayStation 2 a 2000, na'urar da aka sayar da sama da miliyan 150 a duniya. Nintendo ya kawo Wii a 2006, wadda ake wasa da ita ta hanyar motsa hannu da jiki. A 2007 wayar iPhone ta fito. Zuwa 2016 tabarau ɗin nan da ke jefa mutum cikin duniyar kwaikwayo, wanda a da sai an bi layi a Orlando, ya shiga kantuna, kowa na iya saya ya kai gida.

Duk wannan na faruwa, DisneyQuest na nan kusan yadda aka buɗe shi. Tun da shirin baza gidajen ya rushe, sai kamfanin ya daina zuba kuɗi wajen ƙera sabbin wasanni, domin babu riba a kashe maƙudan kuɗi kan wasan da gida ɗaya tak zai yi amfani da shi. Hotunan da suka ba mutane mamaki a 1998 suka koma abin dariya ga yaron da ke riƙe da wayar mahaifinsa. Kuɗin shiga kuwa bai tsaya ba, har ya haura dalar Amurka 40 ga babba.

Ba Disney kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin Sega na Japan ya buɗe irin wannan gida a tsakiyar Landan a 1996, bai kai shekara huɗu ba ya janye. Ko a Japan ɗin ma, inda gidajen gem suka fi ko'ina farin jini, Sega ya sayar da sauran hannun jarinsa a harkar a 2022.

A ƙarshen Yunin 2015 Disney ya sanar da cewa zai rufe gidan a 2016, aka yi ta ɗagawa har zuwa Yulin 2017.

Magajin da bai yi ƙarko ba

Abin da aka gina a gurbin shi ne NBA Experience, haɗin gwiwa tsakanin Disney da hukumar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, NBA. An buɗe shi ranar 12 ga Agustan 2019 da gagarumin biki, shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, da shugaban NBA, Adam Silver, duk sun halarta.

A takarda dai lissafin ya yi kyau. An gudu daga na'urorin da ke tsufa, an kama sunan da duniya ta sani. Ginin hawa biyu ne, da wasanni 13. Ana auna tsayin mutum da tsallensa kamar yadda ake yi wa sabbin 'yan wasa, ana sauko masa da kwando daidai tsayinsa ya zura ƙwallo, ya ɗauki hoto da kofi, ya zauna a kujerar alƙalin wasa yana duba bidiyo. Tikitin babba dalar Amurka 34 ne, wato kusan jika ashirin na sefa a canjin wancan lokaci.

Tun makonnin farko kafafen da ke bin harkokin Disney suka riƙa wallafa hotunan wurin fayau babu mutane. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ba ya son ƙwallon kwando ba shi da abin yi a ciki, wanda yake so kuma ya san akwai fili kyauta a unguwarsu. Cikin awa ɗaya ko biyu an gama zagaye komai, kuma babu abin da zai sa a dawo gobe. DisneyQuest, duk da tsufansa, wuri ne da kaka da jika za su shiga kowa ya samu nasa.

A tsakiyar Maris ɗin 2020 annobar korona ta sa aka rufe shi tare da sauran wuraren Disney. Wani abin ban mamaki shi ne, a bazarar wannan shekarar ce NBA ta kwaso ƙungiyoyi 22 ta killace su a cikin Walt Disney World ɗin domin ƙarasa kakar wasa, har Los Angeles Lakers ta ɗauki kofi a can a watan Oktoba. Manyan taurarin ƙwallon kwando na duniya na buga wasa a unguwa ɗaya da gidan da aka gina da sunansu, shi kuwa yana garƙame. A Agustan 2021 Disney ya tabbatar da cewa ba za a sake buɗe shi ba.

Ginin ya yi shekaru a rufe. Sai a farkon 2025 aka sanar da cewa wani kamfani mai suna Level99, wanda ya fara aiki a jihar Massachusetts a 2021, shi ne zai karɓi wurin. Tsarinsa ƙananan ɗakuna ne masu yawa, kowanne da irin ƙalubalensa, wani na tsalle da rarrafe, wani na wasa ƙwaƙwalwa, kuma ƙungiya-ƙungiya ake shiga, ana sauya ɗakunan lokaci-lokaci. Wato bayan dogon zagaye an koma kan abin da ba ya yiwuwa mutum ya yi shi kaɗai a kan gado da waya a hannu.

A Adar lissafin daban ne, amma agogon ɗaya ne

Gundumomin Madawa da Buza da Keita, a jihar Tawa, sun haura mutum miliyan ɗaya a haɗe tun a ƙidayar 2012. Kamar sauran Nijar, kusan rabin jama'ar yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Babu wani dandalin shaƙatawa irin na Orlando a wannan yanki, kuma ba a jiran sa nan kusa. Abin da ke akwai shi ne ɗan ƙaramin ɗan'uwansa, wanda duk wanda ya tashi a garuruwan Nijar ko arewacin Najeriya ya sani: ɗaki ɗaya ko rumfar kwano a bakin kasuwa ko kusa da tasha, benci biyu ko uku, tele a jere, manet da aka ɗaure da salatif, teburin bebi-fut a ƙofa, gurup na ruri a baya.

Wasan ƙwallon ƙafa ne ke riƙe da irin waɗannan ɗakuna. Mutum biyu ke riƙe da manet, goma na tsaye a kansu suna ihu, wanda aka ci ya tashi.

Abin da ya kashe DisneyQuest, wato kowa ya mallaki na'ura a gida, bai iso nan da ƙarfinsa ba tukuna, kuma dalilin farko shi ne wuta. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke samun lantarki a Nijar, a karkara kuwa adadin ya yi ƙasa da haka sosai. Yankin tsakiya da gabashin ƙasar, wanda ya haɗa Maraɗi da Damagaram da Tawa, yana samun wani kaso na wutarsa ta layin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. Tashar hasken rana mai megawat 7 da aka ƙaddamar a Malbaza a 2018 ta taimaka, amma da rana take aiki, gidan gem kuwa kasuwarsa daga la'asar zuwa dare take ci.

Kowa ya ga abin da wannan dogaro ke nufi a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take bai wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba a maido da ita ba sai a Maris ɗin 2024. A daidai wannan tsakanin kuma man da ake shigowa da shi ta kan iyaka, wanda garuruwa irin su Madawa suka daɗe suna dogaro da shi saboda kusancinsu da jihar Sakkwato, ya yi tsada bayan janye tallafin mai a Najeriya a ƙarshen Mayun 2023.

Dalili na biyu kuɗi ne. PlayStation 5 ta fito a 2020 kan dalar Amurka 499, kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje ko da akwai wutar. Shi ya sa na'urorin da aka daina yayinsu a Turai, har da PlayStation 2 da aka daina ƙerawa tun 2013, suke samun rayuwa ta biyu a garuruwan Sahel. Tsufan da ya zama aibi a Orlando, a nan shi ne ya sa abin ya yi araha har ya iso.

Wannan rata ita ce ribar mai gidan gem a Buza ko Keita. Kuskure ne dai a ɗauka za ta dawwama.

Kuɗin biɗa da lissafin ɗaki

Tafiya biɗa tsohuwar al'ada ce a Adar. Da an gama kaka, samari sai su nufi Kwaddebuwa, ko Najeriya, ko Kamaru, ko Libiya da Aljeriya, wasu su dawo gab da damina, wasu su yi shekaru. Ko a zamanin babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya, mata ne suka fi yawa a wuraren jera duwatsu da dasa itatuwa, saboda mazan suna can wajen nema.

A yau kuɗin na isowa cikin mintuna ta NITA ko Al Izza ko Amana. Bayan abinci da aure da gini, abin da ke zuwa ran ɗan biɗa shi ne ya kafa wa ƙanensa wata 'yar sana'a da za ta hana shi bin hanyar hamada. Babur na kabu-kabu, injin niƙa, shagon cajin waya, ko gidan gem. Na ƙarshen yana da jan hankali, domin jarin bai kai na mota ba, kuma kuɗin kullum ake ganin su a hannu.

Ga misali, ba don a ce haka farashin yake a ko'ina ba. A ƙaddara mutum na da tele huɗu, yana karɓar dala ashirin, wato sefa 100, kan kowane wasa, kuma ana buga wasa biyar a awa kan kowace tele. Idan ɗakin ya cika, jika biyu ke nan a awa. Ya yi awa biyar a haka, ya tashi da jika goma. A ƙaddara kuma gurup ɗinsa na shan lita ɗaya a awa, kan farashin gwamnati na sefa 499 da aka sanya a 2024. Kashi ɗaya cikin huɗu na cinikin ya tafi a mai tun kafin a zo kan haya, da ladan yaron da ke tsare ɗakin, da manet da ke lalacewa.

Matsalar ita ce gurup ba ya sanin ko ɗakin ya cika ko bai cika ba. Tele ɗaya ce ke aiki ko huɗu, kusan man ɗaya zai sha. Kuma ɗakin ba ya cika kullum. Da damina yara na gona. Lokacin makaranta sai yamma. A kwarin Tarka kuɗi na yawo bayan an cire albasa, sannan su ja baya. Manyan samarin da suka fi iya biya kuwa, su ne dai waɗanda ke barin gari rabin shekara.

Akwai kuma abin da kusan ba a sa shi cikin lissafi, wanda shi ne ainihin ciwon DisneyQuest: kuɗin sabuntawa. Ƙura da zafi da wutar da ke hawa da sauka suna cin na'ura. Ko ba ta mutu ba, ranar da wani ya buɗe ɗaki a layi na gaba da sabuwar na'ura da babbar tele, yara sun ƙaura. Wanda ya cinye cinikin yau duka bai ware na sayen na'urar baɗi ba, ya riga ya fara rufe shagonsa, saura lokaci kawai. Wanda ya turo jarin daga Abijan kuwa sau da yawa sai abin ya lalace yake ji.

Abokin hamayya na cikin aljihu

Na'urar da za ta shiga gidajen Adar ba PlayStation ba ce. Salula ce.

Ba ta buƙatar tele, ba ta buƙatar gurup, ƙaramin farantin sola ya ishe ta. Sau da yawa ma ɗan biɗan da ya sayi kayan gidan gem, shi ne yake dawowa da wayar tsaraba. Wasan ƙwallon da aka fi sani da PES ya koma eFootball a 2021, ana sauke shi kyauta a waya. Free Fire, da ya fito a 2017, an tsara shi ne yadda ƙananan wayoyi marasa ƙarfi za su iya ɗauka, shi ya sa ya bazu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ludo ma, da ake shimfiɗawa a tabarma, ya koma allo.

Abin da ke rage wa wayar gudu shi ne tsadar data da raunin sabis da zarar an sauka daga babbar hanyar da ta haɗa Ƙonni da Madawa da Maraɗi aka nufi tsaunukan Buza da Keita. Amma wannan ma yana sauyawa. Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms na gasar kwastomomi, kuma hukumomi sun ba Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, izinin aiki a ƙasar.

Wayar ta kuma buɗe ƙofar da gidan gem bai taɓa buɗewa ba. 'Yan mata ba sa shiga waɗannan ɗakuna, ko sun so al'ada ba ta bari. Rabin matasan gari ke nan da sana'ar ba ta taɓa ganin ko dala ɗaya daga gare su ba, yanzu kuma suna wasansu a tsakar gida.

To me ya rage wa ɗakin? Abin da ya rage shi ne mutum goman nan da ke tsaye suna ihu. Cin abokin hamayya a gaban jama'a daban yake da cin wani baƙo a intanet da ba a san fuskarsa ba. A Koriya ta Kudu, inda kusan kowane gida ke da intanet mai sauri, gidajen wasan kwamfuta ba su mutu ba, saboda matasa na zuwa ne don su zauna tare.

Nijar ba ta buƙatar a koya mata wannan. Fada, inda samari ke haɗuwa a dafa shayi a buga karta a yi hira har dare, ta yaɗu a garuruwan ƙasar tun shekarun 1990, har wata masaniyar halayyar al'umma, Adeline Masquelier, ta rubuta littafi sukutum a kanta a 2019. Fada ba ta da na'urar da za ta tsufa. Haka dara, haka langa, haka kokawa, wadda gasar takobinta ta ƙasa aka fara yin ta a Tawa a 1975, kuma har gobe tana cika fili. Gidan gem da ya fahimci cewa shi wata fada ce mai tele, yana shirya gasa tsakanin unguwanni, ana rubuta sunan gwani a allo, ya fi kusa da abin da Level99 ke sayarwa fiye da yadda mai shi zai zata.

Wa zai gaji ɗakin?

Idan cinikin gem ya ja baya, ɗakin ba ya zama fanko na shekaru kamar ginin Disney, domin mai haya ba zai jira ba. Wani abu zai shiga, kuma a nan ne maganar ta wuce ta riba da asara.

Mafi sauƙi shi ne a mayar da shi gidan kallon ƙwallo, tun da tele da benci da gurup suna nan, sai a ƙara kuɗin Canal+. Amma kallo na ranakun wasa ne, kuma idan kakar Turai ta ƙare sai a yi zaman jira. Wasu na komawa cajin waya da tura fina-finai da waƙoƙi, wato su koma yi wa abokin hamayyar hidima. Wanda ya iya sayen farantan sola da batura ya fi kowa samun sauƙi, domin ya fita daga hannun mai, kuma wutar da ya tara tana iya riƙe gem da caji da firjin ruwan sanyi a lokaci guda.

Sai kuma magajin da ya fi kowanne kawo kuɗi da sauri, wato cacar wasanni. Ba ta buƙatar manet, ba ta tsufa, kuma kwastomominta su ne dai samarin da suka haddace sunayen 'yan wasan Real Madrid da Barcelona a kan benci ɗaya. A Nijar hukumar LONANI ce ke riƙe da harkar caca a hukumance, amma waya ta sa ana iya yin ta daga ko'ina. A Kano, hukumar Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a watan Oktoban 2024, bayan koke-koken iyaye da shugabannin unguwanni.

Iyaye da malamai da dama sun daɗe suna kallon gidan gem a matsayin wurin ɓata lokaci da gudun makaranta, kuma ba a ce ba su da hujja ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasan gem cikin jerin larurori a 2019. Sai dai ɗakin da ke bakin titi, ƙofarsa a buɗe, kowa ya san mai shi, ana iya shiga a kamo yaro a kai shi makaranta, ana iya ce wa mai ɗakin kada ya buɗe sai an tashi daga aji. Wayar da ke ƙarƙashin bargo da ƙarfe biyun dare ba ta da ƙofar da uba zai ƙwanƙwasa.

Hukumomin gari ma suna da ta cewa, ko da yake ba su cika ɗaukar abin a matsayin aikinsu ba. Tun zamanin Samariya ake gina gidajen matasa da al'adu a manyan garuruwan Nijar, kuma da yawansu sai ranar taro ko biki ake buɗe su. Zaure ne da fili da katanga, abin da mai gidan gem ke biyan haya a kansa kowane wata. Magajin garin da ya sa farantan sola a irin wannan gida, ya ba matasa haya da sharaɗin lokutan buɗewa da hana caca, bai kashe ko kaso ɗaya cikin dubu na abin da aka kashe a Orlando ba.

Ga wanda ke Abijan ko Tamanrasset yana shirin turo kuɗin na'ura a bana, tambayoyin da ya kamata ya yi wa ƙanensa a waya ba su da yawa: ɗakuna nawa ne irin wannan a unguwar, nawa ne kuɗin mai a wata, yara nawa ne cikin masu zuwa suka riga suka mallaki babbar waya, kuma nawa za a riƙa warewa kullum domin na'urar da za ta gaji wannan.